Yadda ƙararmu ta kaya bayan an leƙe mana atisaye

Ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarmu, a nan cikin birnin Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Aikina bai wuce riƙe littafin sunaye, karɓar kuɗin mako, sayo ruwan leda ranar wasa da zuwa taro in kwamiti ya kira ba. Shekara shida ina wannan aiki ban taɓa rubuta takardar ƙorafi ba, sai a gasar unguwanni ta hunturun da ya wuce, lokacin da muka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Gasar ta ƙungiyoyi 16 ce, ta sili ɗaya ƙwale: aka cinye ka, ka koma gida. Kowane rabi minti 40, in aka tashi kunnen doki sai a wuce bugun fenariti kai tsaye, don magariba ba ta jiran kowa. An sa wasanmu ranar Asabar. Ranar Alhamis bayan la'asar muka shiga filin wata makarantar firamare da muke aro, koci ya sa aka ja ƙyauren ƙofa, ya sallami yaran da suka saba zama bakin layi. Ba ya yawan yin haka. Abu uku yake son ɓoyewa. Akwai wani salon bugun kwana da ya yi mako biyu yana koya wa yara: dogon ɗan bayanmu ya ruga wajen ƙarfen kusa ya ja masu tsaronsa, a turo ƙwallo ƙasa-ƙasa baya, mai lamba takwas ya zo a guje ya narka. Akwai jerin mutum biyar da za su buga fenariti in ta kai ga haka. Na uku kuma, wanda ya fi damunmu, kyaftin ɗinmu ya gurɗe a idon sawun hagu, an ɗaure masa da bandeji a ƙarƙashin safa, ba mu so kowa ya sani.

Muna cikin bugun fenariti ƙwallo ta tsallake katanga. Ƙaramin yaron da ke tsinto mana ƙwallo ya haura ya bi ta. Can sai ga shi ya dawo ba ƙwallo, yana haki, ya ce akwai mutum kwance a saman kangon da ke bayan makaranta, ya leƙo da waya ta tsakanin bulo. Kafin koci ya buɗe baki, mutum bakwai ko takwas sun riga sun tsallake.

Ina isa na iske sun sauko da shi. Yaro ne da bai wuce shekara 15 ba, silifa ɗaya a ƙafa, ɗayar ta faɗi can ƙasan kango, gaban rigarsa duk ƙurar siminti saboda rub da ciki da ya yi. Jikinsa sai ɓari yake. Wani ya riga ya ci kwalarsa, wani ya ɗaga hannu. Koci ya kutsa tsakiya yana cewa, "Kar wanda ya taɓa shi! Wallahi duk wanda ya mare shi ba zai sa mini riga ran Asabar ba." Har gobe ina gode wa Allah da wannan magana, don da an dake shi, da maganar ta tashi daga ta ƙwallo ta koma ta 'yan sanda, kuma da mu ne masu laifi.

Wasu daga cikin yaranmu sun gane shi. Yana cikin 'yan ƙaramar ƙungiyar abokan karawarmu, masu ɗaukar jarkar ruwa da jakar riguna. Wayar da ke hannunsa a buɗe take, fuskarta a tsage, kuma ba tasa ba ce. Bidiyo uku ya riga ya tura ta WhatsApp, duk da alamar an buɗe. A samansu akwai saƙon murya. Koci ya ce kada a ƙara danna komai, a kai wa mai unguwa.

Wannan shi ne mataki na farko da muka yi daidai, kuma ina ba duk wanda irin haka ta same shi shawarar ya yi. Mai unguwa ya zaunar da mu a zaure, ya sa aka kira limamin masallacinmu da wani dattijo maƙwabci, sannan ya ce wa yaron, "Ɗana, kwantar da hankalinka, ba mai taɓa ka a nan. Kunna mana mu ji." Muryar babban mutum ce ta fito, tana cewa ya tsaya har a fara fenariti, ya ɗauko kowa da gefen da yake bugawa, kuma kar ya bari a gan shi. Duk wanda ke yawo a filayen ƙwallon garin nan ya san muryar. Mai unguwa ya tambayi yaron mi aka ce za a ba shi. Ya ce naira dubu ɗaya da tsohon takalmin ƙwallo. Aka kashe wayar, aka sa a ambulan, shaidu biyu suka sa hannu a baki, mai unguwa ya jefa a aljihun babbar rigarsa. Ya sa ƙanensa ya goya yaron a babur ya kai shi gida.

Akwai kuma inda muka yi kuskure, ban kuwa sani ba sai da dare. Ashe tun a gindin kangon wani ɗan wasanmu ya ɗauki hoton yaron ana riƙe da kwalarsa, ya jefa a zauren WhatsApp na ƙungiya. Kafin isha hoton ya fita, ya kai Facebook, an rubuta "ɓarawon atisaye" a ƙasa.

Dokar gasa ta ce ƙorafi sai a rubuce, cikin awa 24, tare da naira dubu goma da ba a mayarwa in ƙara ta faɗi. Da daren na zauna da takardar dokokin, shafi biyu ce. Na bi ta layi-layi. Akwai hukuncin sa ɗan haya, akwai na makara, akwai na dukan alƙalin wasa, akwai na magoya baya in suka shiga fili, har da na zuba wani abu ko binne laya a bakin raga. Leƙen atisaye kuwa ko kalma ɗaya babu. Sai dai a can ƙarshe an rubuta cewa duk abin da zai zubar da mutuncin gasa, kwamiti na da ikon hukunta shi yadda ya ga dama. Da wannan guntun layi kaɗai zan shiga.

Wani abokina malamin makaranta, mai bin gasar Ingila kamar ibada, shi ya tuna mini da maganar Leeds United. A watan Janairun 2019 aka ga wani mutum yana leƙen atisayen Derby County, ana gobe za su kara da Leeds, har aka kira 'yan sanda. Kocin Leeds, Marcelo Bielsa ɗan Ajantina, bai yi musu ba. Ya ce shi ya tura shi, daga baya ma ya tara 'yan jarida ya shaida musu cewa duk ƙungiyar da ya kara da ita a kakar sai da ya sa aka kalli atisayenta. Leeds ta ci wasan 2-0. Abin da ya ja hankalina shi ne, su ma a lokacin ba su da doka takamaimai a kan leƙe. Hukumar gasar, EFL, ta kama Leeds ne da wata doka ta gaba ɗaya da ke cewa dole ƙungiyoyi su yi mu'amala da juna da cikakkiyar gaskiya da amana. Aka ci ta tarar fam 200,000, Bielsa ya biya daga aljihunsa, ba a cire maki ko ɗaya ba. Sai bayan nan aka rubuta sabuwar doka da ta hana kallon atisayen abokin karawa cikin awa 72 kafin wasa, sai in an gayyace ka. Na ce to, in manya da lauyoyinsu sun rataya hukunci a kan layi irin wannan, mu ma namu layin zai ɗauka.

Na kuma sa maganar Kanada, wadda ta fi kusa. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, ma'aikacin tawagar matan Kanada ya tashi ƙaramin jirgi mara matuƙi a saman filin da New Zealand ke atisaye a garin Saint-Étienne. FIFA ta cire wa Kanada maki shida, ta ci tarar kuɗin Suwizalan 200,000, ta dakatar da kociyarsu Bev Priestman da mataimaka biyu na shekara guda. Suka ɗaukaka ƙara zuwa kotun wasanni ta duniya, CAS, ta yi watsi da ita. A lokacin Kanada ce fa ke riƙe da zinaren gasar da ta gabata, amma bai hana a taɓa ta ba.

Da hannu na rubuta, shafi ɗaya da rabi. Na faɗi rana da lokaci da wuri, na faɗi sunayen shaidu, na ce wayar na hannun mai unguwa. A ƙarshe na nemi abu ɗaya: a kori ƙungiyar daga gasa, a ba mu wasa. Kuɗin ƙorafi karo-karo muka yi, mai ɗari biyar, mai dubu, wani mai shayi da ke goyon bayanmu ya cika sauran. Da hantsin Juma'a na kai wa sakataren kwamiti a shagonsa, ya ƙirga, ya rubuta mini rasit a bayan wata takarda, ya ce zama bayan isha.

A wani aji aka zauna, da fitila mai caji a kan teburin malami. 'Yan kwamiti biyar ne, shugabansu tsohon malamin makaranta wanda ya yi shekaru yana busa wasa. Mu uku muka je, ni da koci da mai unguwa. Su ma uku, kocinsu da sakatarensu da wani wakilin Alhajin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyarsu. An zo da yaron, aka zaunar da shi a bencin baya shi kaɗai.

Shugaba ya sa na karanta takardata. Ina gamawa wani dattijo cikin kwamiti ya tambaya, "To, yaron nan an ga ya binne wani abu ko ya watsa wani abu a filin?" Na ce a'a, Baba, hoto kawai ya ɗauka. Ya jingina da kujera ya ce, "Au, hoto." Daga yadda ya faɗi kalmar na gane aikin da ke gabana. A wurinsa asiri shi ne laifi, kallo kuwa ba komai ba ne.

Kocinsu ya fara da cewa bai san zancen ba, yaro ne da ƙiriniyarsa. Mai unguwa ya ciro ambulan, ya nuna sa hannun shaidu, aka yage, aka kunna. Muryar ta cika ajin. Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Sai kocin nasu ya gyara zama ya ce, to, shi ne, amma a nuna masa dokar da ya karya. Ya ce a garin nan wa ke atisaye a ɓoye? Ko'ina fili ne na Allah, mai babur na wucewa, mai rake na tsaye, kowa na kallon kowa. Ya ce shi kansa ya sha ganin yaranmu a bakin filinsu. Wakilin Alhaji ya karɓe da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, wanda ke da sirri ya nemi fili mai rufi.

Ba zan ɓoye ba, maganar tana da nauyi, kuma na ga 'yan kwamiti biyu suna gyaɗa kai. Gaskiya ne ba mu da filaye masu shinge irin na Turai. In ka cire babban filin wasa na Muhammadu Dikko da wasu 'yan kaɗan, duk inda ake buga ƙwallo a Katsina mai wucewa na iya tsayawa ya kalla. Gaskiya ne kuma yaranmu kan je kallon atisayen wasu, ni ma na je. Na nemi izini na miƙe. Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya zo bakin fili ya tsaya da fuskarsa, mun gan shi, mun san ko waye. In muna da abin ɓoyewa sai mu fasa yi, ko mu ce ya ba mu wuri. Shi ya sa kallo bai taɓa zama laifi ba. Ran Alhamis mun rufe ƙofa, mun sallami kowa, duk unguwa ta san ba ma son ido. Shi kuma da bakinsa ya ce kar ka bari a gan ka. Mutum ba ya cewa a ɓuya sai ya san in an gani za a hana." Na ƙara da cewa ido na mantuwa, waya ba ta mantuwa. Mai kallo zai tafi da abin da ya iya riƙewa a ka, amma bidiyo golansu zai kwana yana maimaitawa har ya haddace ƙafar kowane yaro.

Shugaba ya tambayi kocinsu ko ya nuna wa 'yan wasansa bidiyon. Ya ce shi kaɗai ya gani. Ba mu da hanyar ƙaryata shi, ba kuma wanda ya yarda.

Daga nan sakatarensu ya fito da tasa wayar, ya nuna hoton yaron da ke yawo. Ya ce uban yaron bai iya zuwa masallacin Juma'a na unguwarsu ba yau saboda kunya, ƙannensa mata ana nuna su a hanyar islamiyya. Wannan ta same mu, don gaskiya ce. Koci ya sunkuyar da kai. Na waiga na ga yaron ya kifa fuska a kan benci.

Aka fitar da mu waje kusan minti 40, muna tsaye cikin sanyi, su a gindin bedi, mu a bakin baranda, ba mai ce wa wani uffan. Da aka kira mu shugaba ya karanta hukunci: an dakatar da yaron shekara guda daga duk wata harkar gasar, an ci ƙungiyarsu tarar naira dubu ashirin, an ja kunnen kocinsu, wasa na nan gobe yadda aka tsara. Bai rufe baki ba wakilin Alhaji ya sa hannu a aljihu, ya ƙirgo dubu ashirin sababbi, ya ajiye a kan tebur kusa da fitila.

Wannan ajiye kuɗin ya fi komai ƙona mini rai a duk lamarin. Mu sai da muka bi mutum goma sha kafin mu haɗa dubu goma, su kuwa tarar ba ta kai kuɗin man motar da ke kai su fili ba. In hukuncin leƙe tara ce kawai, to an sa masa farashi ke nan, mai kuɗi ya saya. Yaron da aka yi wa alkawarin tsohon takalmi shi aka kora, wanda ya aike shi zai zauna a benci gobe da duk abin da ya gani a kansa. An bar jaki ana dukan taiki.

Dokar ta ba da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga iyayen gasa, dattawa uku da ba sa cikin kwamiti, matuƙar an yi kafin a take wasa. A daren muka koma ƙofar gidan koci, yara sun cika wurin. Mafi yawansu cewa suke kada mu fita fili gobe, a ba su kofin su jiƙa su sha. Ni kuma ina kan bakana na a kore su. Koci ne ya saɓa mana duka. Ya ce shi ba ya son zuwa wasan ƙarshe ta kan tebur, kuma yaran can goma sha ɗaya ba su suka hau kango ba, wata uku suna gudu da asuba kamar namu. Ya ce abin da aka sace mana shiri ne, to a biya mu da lokacin sake shiri, a kuma ɗauke wanda ya yi satar. Mun yi ta ja har ƙarfe ɗaya saura. Ban gamsu duka ba, amma na rubuta yadda ya ce: a ɗage wasa, a dakatar da koci, a wanke yaro. Na sa korar ƙungiya a matsayin buƙata ta ƙarshe, in dattawa sun ga ya dace.

Da safiyar Asabar muka same su a zauren babbansu. Zaman bai kai awa ɗaya ba, kuma ba a yi hayaniya ba. Sun saurari muryar sau biyu. Babban ya kira yaron kusa da shi ya tambaye shi, "Da ka ƙi zuwa, mi zai faru?" Yaron ya ce a hankali, "Cire ni za a yi, Baba." Dattijon ya dubi kocinsu ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, amanar 'ya'yan mutane aka ba ka."

Suka soke hukuncin farko. An ɗage wasa zuwa Laraba. An dakatar da kocinsu har ƙarshen gasa, ba benci, ba bakin fili. Tara na nan. An wanke yaron, kuma an ce ƙungiyarsu ba ta da ikon korarsa saboda wannan magana. An goge bidiyon a gaban kowa, daga wayar da aka kama da ta kocin. Korar ƙungiya kuwa suka ce ba za su yi ba, tunda ba a rubuta ta a doka tun farko ba, ba a yanke wa mutum hukuncin da ba a taɓa gaya masa akwai shi ba. Mu kuma aka umarce mu da mu sa a sauke hoton duk inda hannunmu ya kai, mu je mu ba mahaifin yaron haƙuri.

Mun je a ranar, bayan la'asar, ni da koci da ɗan wasanmu da ya ɗauki hoton. Mahaifin tela ne, muka same shi a kan keke. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ɗansa ya yi laifi kuma ya hukunta shi a gida, amma da mun kawo masa shi da ya fi masa sauƙi a kan ya gan shi a wayar maƙwabci. Ɗan wasanmu ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini." Ya ce ya yafe. Hoton dai har yau in ka bincika za ka same shi a wayar wani.

Kwana huɗu muka samu. Koci ya watsar da salon kwanar nan gaba ɗaya, ya ɗinka wani cikin gaggawa, amma ba a fafe gora ranar tafiya, abin da aka yi mako biyu ana koyo ba ya samun magaji a kwana huɗu. Ya sauya jerin masu fenariti, ya ce wa kowa ya juya gefe. Abokina malami ya ba mu labarin kocin Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2018, wanda ya riƙa musanya wa 'yan wasansa lambobin riga don ya rikita masu leƙen da Suwidin ta turo. A nan wannan ba ta aiki, kowa ya san fuskar kowa har da sunan kakansa. Ƙafar kyaftin kuwa ba yadda za a yi a sauya ta.

Ranar Laraba, cikin minti goma na farko, sau biyu ana taka shi a idon sawun hagu. Na biyun alƙali ya ba da katin gargaɗi. Kafin hutun rabin lokaci ya fita yana ɗingishi. Kocinsu bai zo ba, amma na ga mataimakinsa da waya a kunne fiye da sau biyar. Aka tashi 1-1. A fenariti golansu ya kaɗe biyu, duka biyun yaran da tsoro ya sa suka koma gefen da ƙafarsu ta saba. Suka ci 4-3.

Ba zan iya rantsuwa cewa bidiyon ne ya cinye mu ba. Gola na iya canka daidai, ɗan baya na iya taka mutum ba da niyya ba. Wannan rashin tabbas shi ne babbar ɓarnar leƙe a ganina: ko su da suka ci, an bar su da nasarar da rabin gari ke yi wa kallon zargi, yaransu kuma wataƙila da guminsu suka samu. An goge bidiyo daga waya, amma ba mai goge shi daga kan wanda ya kalla. Shi ya sa na daina ganin akwai hukuncin da ke mayar wa wanda aka leƙa abin da ya rasa. Amfanin hukunci a nan shi ne ya yi zafin da gobe wani koci zai ji tsoron aikawa. Tara ba ta yin wannan, Leeds ta biya ta wuce da makinta uku. Cire maki ya fi ciwo, ko da yake Kanada da aka cire wa shida sai da ta ci wasanninta uku ta fito daga rukuni, Jamus ce ta fitar da ita daga baya a fenariti. A gasar sili ɗaya ƙwale kuwa babu makin da za a cire, sai dai kujerar koci ko kujerar ƙungiya.

Da aka kira taron share fagen gasa mai zuwa, na je da shawara a rubuce, wakilan ƙungiyoyi 16 na zaune. Na kawo sakin layi huɗu. Na farko, duk ƙungiyar da ke son atisayen sirri ta sanar da sakataren kwamiti, kuma daga kwana uku kafin wasa haramun ne ɗan wata ƙungiya ko ɗan aikenta ya kalla ko ya ɗauki hoto ba da izini ba. An karɓa, sai dai an rage zuwa kwana biyu, don wani lokaci tsakanin wasa da wasa ba ya kai uku. Na biyu, laifin na kan wanda ya aika, yaron da bai kai shekara 18 ba ba a hukunta shi, ba a kuma yaɗa hotonsa, ƙungiyar da ta yaɗa ita ma ta biya tara. Wannan ba wanda ya ja. Na uku, kocin da aka kama ya bar gasar shekarar da aka kama shi da kuma ta gaba, kuma ranar wasa ba mai riƙe waya a benci. An karɓa bayan doguwar muhawara.

Na huɗu shi ne korar ƙungiya in an tabbatar bidiyon ya isa hannun masu horarwa kafin wasa. A nan aka rabu. Wasu suka ce za a riƙa ƙulla wa juna sharri, a ba yaro waya a ce wane ne ya aiko shi. Na ce shi ya sa aka ce sai da shaida irin tamu, murya ko rubutu, a hannun wanda ba ya cikin rigimar. Kocinmu da kansa bai ɗaga mini hannu ba, yana nan a kan cewa ba a kashe wa yara goma sha ɗaya gasa don laifin mutum ɗaya. Aka ƙirga hannu, bakwai suka yarda, tara suka ƙi. Shugaba ya ce a rubuta a littafi cewa za a sake duba ta bayan gasa. Na karɓi kwafina na sabuwar dokar, yanzu ta zama shafi uku, na kai wa mai unguwa ɗaya ya ajiye.